Sunan da Ba Shi da Mai Amsawa

Litinin, 4 ga Oktoba, da hantsi

Wari. Tun daga bakin ƙofa har cikin kwanon shinkafata. An fara ɗago igiyoyin hotate, ƙumbar da muke kiwo a teku, mata suna rumfa suna kankare ƙazantar soson teku da ta manne a bayan ƙumbar. Tsibin soson da suke zubarwa ya kai ƙugun mutum, rana kuma ta yi kwana uku tana dafa shi.

Na ce wa Tokiko ta rufe taga. Matar ɗana Noboru ce, shi yana jirgin nesa sai ƙarshen shekara. Ta ce, "Baba, shekara saba'in da takwas kana shaƙar wannan, yau ne hancinka ya waye?" Amma ta rufe.

Ban shiga makaranta ba. Ɗan rubutun nan matata Kinu ce ta koya mini kafin ta rasu, shi ma baƙaƙen yara. A bayan tsohuwar kalandar hawa da saukar ruwa nake yi. Ba don in tuna ba, kaina bai taɓa yar da komai ba. Don dai babu wanda zan gaya wa.

Saura kwana ashirin a yi Kiran Suna.

Laraba, 6 ga Oktoba, ƙarfe uku na yamma

Shigeharu ya zo. Shi ne shugaban ƙungiyar masunta yanzu, da rigar ofis da biro a aljihu. Ni na ciro shi daga ruwa yana shekara biyar, yana yi mini amai a wuya. Ya zauna ya sha shayi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Kawu, sunayen nan, me zai hana a sa su a takarda?"

Na ce takarda tana jiƙewa.

Shekara arba'in da ɗaya nake tsayawa gaban dutsen bakin gaɓa da ludayin katako a hannu, ina kiran duk wani mai rai da garin nan ya kashe don ya ci ko ya sayar. Suna talatin da huɗu. Na ruwa ina fuskantar teku, na tudu in juya in fuskanci tsauni. Kowane suna da gidan da ke amsa masa da "Mu ne." Su matso in zuba musu giyar shinkafa, su tsiyaya a gindin dutse. Sunan da aka kira sau uku babu mai amsawa ya faɗi ke nan, ba a ƙara kiransa. Mai ludayi kuwa ba ya amsawa, in kuma ya miƙa ludayin ga wani, ba ya komawa hannunsa. Haka na tarar. Duk wannan Shigeharu ya sani, amma sai da na maimaita masa don in ga kunnensa ya yi ja.

Ya ce, "To ai maganar ke nan, Kawu. Tetsuo ya mutu. Wa zai amsa wa minki?"

Tetsuo shi ne shugaban leburori a gonar minki ta bakin kogi, 'yan dabbobin nan masu laushin gashi, lokacin da ake kiwonsu a keji ana feɗe fatar don rigunan matan birni. Ni ina ƙarƙashinsa. Shekara ashirin da biyu da rufe gonar, shi kaɗai yake amsawa. A watan huɗu muka raka shi.

"Ka tsallake shi kawai," in ji Shigeharu. "Kada ka kira har sau uku a yi tsit, a ji kunya. Ba namu ba ne, daga ƙetare aka kawo shi a akwati. Abin da ya tsere daga keji ya zama mana annoba, shi za mu zuba wa giya?"

Na ce shayinka ya huce.

Alhamis, 7 ga Oktoba, da safe

Na wanke hannu sau huɗu kafin in karya. Tokiko tana kallo.

Juma'a, 8 ga Oktoba, da sassafe

Ihu daga gidan Sueko. Sa'ata ce, ita ce babba a rumfar mata, mun yi shekara sittin muna zagin juna. Kajinta goma sha tara. Duka. Kan biyu kawai minkin ya ci. Sauran cizo ɗaya ɗaya a ƙeya, ya tara su a lungu kamar mai shirin kai su kasuwa. Akurkin yana warin nan da na sani, mai kama maƙogwaro, wanda sabulu ba ya fitarwa.

Tana tsaye da kaza ɗaya a hannu, wuyan na lilo. Ta ce, "Gurgu, kallo ka zo?" Na ce, "Na zo in ga ko ke ya ɗauka, in yi masa godiya." Ba ta rama ba. Tun da muke, yau ne ba ta rama ba. Ta dube ni dai, ta daɗe tana duba.

Shigeharu ya sa tarko talatin a bakin kogi.

Ban ci komai ba.

Litinin, 11 ga Oktoba, da rana tsaka

Ƙungiya ta turo wata Malama Horikawa daga tashar binciken kifi, wai ta tsara sunayen yadda littafi ya ce. Yarinya ce mai tabarau da takalmin roba. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, wannan kam na ba ta. Ta shimfiɗa wata takarda mai zanen bishiya, reshe-reshe, kowane reshe da halitta a rataye.

Ta ce minki yana reshen masu ƙashin baya, masu gashi, masu shayar da 'ya'ya. Cikin waɗannan kuma yana gidan masu cin nama, ɗaki ɗaya da karen ruwa.

Na ce karen ruwa yana cikin sunayen da ke bakina. Rabon da a ga ɗaya a kogin nan tun Shigeharu yana goye, amma gidan Oikawa suna amsa masa har yau, don kakansu ne ya ƙarar da su. Mu a na tudu muka sa su biyun saboda gashi, sai dai ban taɓa gamsuwa ba. Na ce, "To Malama, na ruwa ne ko na tudu?"

Ta ce, "Na gaɓa ne, Baba. Raminsa yana ƙarƙashin saiwa ko tsakanin duwatsu, ba ya nisa da ruwa. Ya nutse ya kamo kifi, ya fito ya kama ɓera, in ta kama ya hau bishiya. Kowanne da yankin gaɓarsa shi kaɗai, ba ya son ganin ɗan'uwa."

Kamar ban sani ba. Kamar ba a cikin ɗayansu kan babban yatsana na hagu ya tafi ba.

Sannan ta yi abin da ya ɓata mini yini. Iska ta kaɗo warin tsibin nan, sai ta ɗaga hanci kamar an gasa mata kifi, ta ce, "Soso yana cikin sunayen?" Na ce wane soso? Ta ce wanda mata ke kankarewa. Ta kai yatsa can ƙasa kusa da gindin bishiyar. "Ga shi nan. Dabba ne."

Na yi dariya har na ƙware.

"Yana da baki?" Babu. "Jini fa?" Babu. "Ido, ƙashin baya, hanji?" Babu, babu, babu. "Yana kuka in an yanka?" A'a. "Yana gudu?" A'a. "Yana cizo?" A'a. Na ce to Malama, tabarmar nan da kike kai ita ma dabba ce.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce ciyawa da hasken rana take yin abincinta, shi kuwa ci yake yi. Jikinsa duk 'yan ƙofofi ne, yana jan ruwa ta nan, ya tace abin da ke ciki, ya fitar ta babbar ƙofa, dare da rana. Wani yana ruwa mara zurfi, a jikin dutse ko igiya ko bayan ƙumba, wani yana can ƙasa inda haske bai taɓa kaiwa ba. Ta ce in ka matse shi ta cikin ƙyalle ya zama kamar kunu, ka bar shi a ruwan teku, gutsattsarin za su nemi juna su sake haɗuwa.

Na ce ƙarya ce. Ta ce, "Gwada, Baba."

Abin ƙyama. A ce majinar bayan ƙumba da abin da ke duban tsakiyar idonka yana huci, duk bishiya ɗaya ce. Tir da littafi.

Talata, 12 ga Oktoba, da hantsi

Ba zan gwada ba.

Laraba, 13 ga Oktoba, da sassafe

Na gutsuro soso ɗanye daga igiyar da aka ɗago yanzu, mai launin gwaiduwa. Na matse ta tsumma a cikin kwano da ruwan teku, ya zama kamar ruwan wanke-wanke. Na ajiye a bayan gida inda sanyi yake. Don in ƙaryata ta ne kawai.

Tokiko ta ce, "Baba, ina kwanon miyata mai shuɗin baki?" Na ce kyanwa. Ta ce ba mu da kyanwa.

Alhamis, 14 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Minki bakwai suka kama. Ba su da zuciyar buga musu sanda, sai su ɗaura wa tarkon igiya su jefa a ruwa da abin a ciki, su kunna taba su jira. Abin da ya fi su iya ruwa, shi suke kashewa da ruwa. Yana daɗewa. Na tsaya har aka ɗago. Faratansu sun kakkarye a jikin waya. Aka juye su a duro a bayan rumfa, kusa da tsibin soso. Wari biyu suka haɗu, ƙudaje suka rasa na zaɓa.

Ɗaya tana da farin tabo a haɓa, ya gangaro gefe guda. Irin na layin keji na bakwai a gona.

Na ce wa Shigeharu, "Wannan da kuke yi kisa ne ko ba kisa ba?" Ya ce, "Shara ce, Kawu." Na ce, "To ka amsa masa mana, kai da ka kashe bakwai kafin ka karya." Ya ce gidansu ƙaguwa suke amsa wa tun kakansa, ba zai haɗa ƙaguwa da ɓarawon kaji ba. "Ai dusar ƙanƙara ce ta karya rufin gonar suka tsere. Ka kira dusar ta amsa." Samarin suka kwashe da dariya.

Na wanke hannu har fata ta yi fari.

Juma'a, 15 ga Oktoba, da safe

Ƙura-ƙura a gindin kwano. Babu komai. Na canza ruwa.

Asabar, 16 ga Oktoba, da safe

Na leƙa da gilashin karatun Kinu. 'Yan dunƙule kamar ƙwayar gero, goma sha wani abu. Jiya babu su. Na girgiza kwanon, ba su watse ba.

Tir.

Lahadi, 17 ga Oktoba, da yamma

A bahon wanka nake bitar sunayen kullum. Yau na kai na goma sha shida na tsaya cak. Ba mantuwa ba ce, hankalina ne ya tafi wani wuri. Sai na ji Tokiko daga kicin: "Bushiyar teku, gidan Hatanaka." Ta ci gaba tana yanka albasa, har na talatin da huɗu, da gidajen, da inda ake jan numfashi.

Na ce, "Ke! Wa ya koya miki?"

"Bangon nan takarda ne, Baba. Shekara ashirin da shida."

Na ce kin ci gyara a wuri biyu. Ba ta ci ba.

Litinin, 18 ga Oktoba, da hantsi

Malamar ta tafi rumfar mata da bishiyarta. Na bi ta don in ga yadda za su yi da ita. Mata arba'in, wuƙa arba'in, ƙara kamar ana tauna ƙashi. Ta gaya musu abin da ta gaya mini. Wata ta ce, "In dabba ne a kai wa Shigeharu ya soya." Aka yi shewa. Sueko ba ta ɗago kai ba, ta ce, "'Yar nan, tun da ba ya tafiya, ta yaya ya zo bayan ƙumbar?"

Malamar ta ce yana jariri yana iyo, ɗan mitsitsi, da ƙyar ido ke ganinsa. Yini ɗaya ko biyu yana yawo a ruwa, sai ya sami wuri ya manne. Shi ke nan, nan zai zauna har ya mutu. Abin da ruwa ya kawo shi zai ci.

Ƙarar wuƙaƙen ta ragu. Sueko ta ɗago wani guntu a kan wuƙarta tana juya shi. Ta ce, "Ashe ƙanena ne. Ni ma yini ɗaya na yi a jirgi na sauka garin nan ina amarya. Na manne. Abin da ruwa ya kawo shi nake ci." Wata ta ce ita yini biyu ta yi. Wata ta ce ita a keken doki ta zo, amma mannewar ɗaya ce. Suka yi ta dariya, sai dai ba irin ta farko ba.

Sueko ta ce, "Tsibi nawa muka zubar tun da aka fara kiwon ƙumba?" Babu wadda ta sani. Ta juyo. "Gurgu, bana ka kira shi. Rumfa za ta amsa."

Na ce ba na kiran majina.

Ta ce, "Ai kullum kana kiran Shigeharu."

Kinu ma a jirgi ta zo. Ban faɗa ba.

Talata, 19 ga Oktoba, da rana

Na taka zuwa tsohuwar gona. Awa guda da wannan ƙafar. Kejin suna nan cikin ciyawa, tsatsa ta cinye waya, amma sakatun ƙarfe ne mai kyau, suna nan. Duk a buɗe, duk gefe ɗaya aka ja su. Dusar ƙanƙara ba ta da yatsu.

Rufin nan sai bayan shekara shida ya faɗi. Kowa a garin nan yana da ido.

A watan ɗaya mai gonar ya gudu. Motar da ke kawo musu kan kifi ta daina zuwa. Kwana goma sha ɗaya. Ɗari huɗu da 'yan kai. A rana ta shida suka fara cin wutsiyar kansu, a ta takwas suka koma ƙafar maƙwabci ta cikin waya. Tetsuo ya ce a jira umarni. Kukan yana kaiwa har gida, Kinu tana cusa auduga a kunne tana dafa abinci.

Ba zan rubuta sauran ba.

Da safe Tetsuo ya zo ya tsaya ya dubi layukan. Ya dube ni. Ya ce, "Rufi ne ya karye." Na ce e. Shekara ashirin da biyu yana cewa "Mu ne" da muryar nan tasa mai kauri, ni ina zuba masa giya. Ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya dube ni a gaban dutsen ba.

Na yi amai a gindin layi na bakwai. Babu komai a cikin sai shayi.

Laraba, 20 ga Oktoba, da safe

Huɗu a duro. Hannu sau shida.

Alhamis, 21 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Sueko ta same ni a bayan gida ina canza ruwan kwano. Ta leƙa ta ga dunƙulen, ta ce, "Ka haihu da tsufa." Sannan ta zauna a kan kututture ba a ce ta zauna ba.

Ta ce, "Genzo." Rabon da ta kira ni da sunana tun ranar da aka raka Kinu.

"Mijina ya fita duba tarkon zomo da safiyar ran da minkin suka tsere. Ya ga sawu a dusa, daga gidan nan zuwa gona, daga gona zuwa gidan nan. Ƙafar hagu tana ja. Ya karyo reshe ya bi ya share. Ya gaya mini, ya ce in haɗiye. Na haɗiye."

Na ce ban san abin da kike faɗa ba.

"Ni ma da ni ce da na buɗe. Har gidana kukan yake zuwa. Ba wannan ba ne." Ta ce kajin nan tun suna ƙwai take tare da su, akwai wadda take barci a kan ƙafarta. Ta ce tsuntsayen da ke ƙwai a rairayin bakin kogi a da, ina suke yanzu? "Kai kana can gaban dutse da ludayi, kana kiran kowa ya fito ya ce shi ne. Mu duka mun faɗa. Kai kaɗai ne a garin nan bakinka bai taɓa faɗa ba."

Na ce mai ludayi ba ya amsawa.

"Na sani. Wuri mai daɗin ɓuya." Ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara. "So nake in ji da kunnena kafin ya toshe. Shi ke nan."

Yau ni ne ban rama ba.

Juma'a, 22 ga Oktoba, da yamma

Shigeharu ya aiko da takarda bugun inji. Tokiko ta karanta mini, don baƙaƙen manya ne. Soso ya shiga, minki ya fita. A ƙasa ya rubuta da biro: "Talatin da huɗu dai, Kawu, ba a rage komai ba." Kamar akwatin kifi, a cire ruɓaɓɓe a cika da wani, nauyi ya daidaita.

Na naɗe hanjin kifi da ita.

Malamar ta biyo baya, fuska babu walwala. Ta ce ita ba ta ce a cire kowa ba, a bishiyarta ba a sare wani reshe don wani ya sami wuri. Na nuna mata kwanon. Ta cire tabarau ta mayar, ta yi ta tafa hannu kamar 'yar yaye. Na ce ki natsu, ban ce dabba ba ne. Cewa na yi ba ya son rabuwa.

Na tambaye ta, a bishiyar nan ina mutum? Ta ɗora yatsa. Kusa da minki, har yatsan yana taɓa su biyun. Soso yana can ƙasa, nesa da mu, bai taɓa cizon kowa ba.

Ban yi mamaki ba.

Asabar, 23 ga Oktoba, da hantsi

Na kai kwanon bakin gaɓa na juye a kwarmin dutse inda ruwa ba ya janyewa. Na wanke na mayar wa Tokiko. Ta shinshina, ta ce ta bar mini har abada.

Asabar, da yamma

Na shafa wa ludayi mai. Wurin kamun ya lotsa daidai yatsuna, har da gurbin wanda ya gutsure. In babu shi, ni mene ne a garin nan? Gurgu mai wari.

Lahadi, 24 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta yadda aka yi.

Gari ya waye da iska. Kowa ya zo, har Malamar tana can baya. Na fuskanci teku na fara. Gida-gida suka amsa, suka matso, suka tsiyaya. Na ruwa ashirin da biyu ne. Da na gama ya kamata in juya. Ban juya ba. Iska tana kawo warin tsibin nan daidai hancina. Na ce, "Soso." Ya fito mini kamar kaki.

Mata arba'in. "Mu ne!" Har tsuntsaye suka tashi daga kan rumfa. Giya ta ƙare sai da aka ɗebo wata. Shigeharu yana gyaɗa kai yana murmushi, ya ɗauka takardarsa nake bi.

Na juya tsauni. Doki, saniya, barewa, yanyawa, zomo. Kaza. Sueko ce ke amsa wa kaza, muryarta ta fashe a tsakiya. Karen ruwa. Na ci gaba har ya rage ɗaya. Mutane suka fara gyara tsayuwa, masu hula suka fara mayarwa.

Na ce, "Tokiko, zo."

Ta fito tana goge hannu a gaban riga. Na miƙa mata ludayin. Ba ta karɓa ba. A hankali ta ce, "Baba, ba ya dawowa fa." Na ce, "Ni za ki gaya wa? Karɓi."

Shigeharu ya ce, "Kawu! Mace?"

Sueko daga baya: "Uwarka ma mace ce. Rufe mana baki."

Na ja ƙafa na koma cikin mutane. Na manta yadda dutsen yake daga nan. Ashe ƙarami ne.

Tokiko ta dube ni, teku ko tsauni? Na nuna mata bakin kogi da haɓa. Ta juya can, tsakanin biyun, inda ba a taɓa fuskanta ba.

"Minki."

Tsit.

"Minki."

Wani ya yi tsaki.

Ta ja numfashi daidai inda nake ja. "Minki."

"Ni ne."

Kowa ya juyo. Na ce, "Rufi bai karye ba. Ni na ja sakatun, layi tara, da hannun nan. Kajin Sueko, ni ne. Tsuntsayen bakin kogi, ni ne. Na cikin duro ma ni ne."

Tsofaffin suka sunkuyar da kai, a nan na gane ba Sueko kaɗai ta haɗiye ba. Samarin kuwa suka dube ni yadda nake duban tsibin soso. Shigeharu ya tofar da yawu gefe, ya tafi kafin a watse.

Tokiko ta zuba mini. Rabi ya zube a hannuna. Sauran na tsiyaya.

Litinin, 25 ga Oktoba, da yamma

Na je bakin gaɓa da safe. Uku suka amsa gaisuwata, bakwai ba su amsa ba. Tarkuna suna nan, ban kuma ce a cire ba, kaza ma rai ce. Na dai ce wa Shigeharu in an kama a kawo mini. Na san yadda ake yi cikin ƙiftawar ido, ba da ruwa ba. Ya yi kamar bai ji ba.

Da rana na tarar da tarko a ƙofata da ɗaya a ciki, yana huci yana duban idona. Na yi. Na haƙa masa rami a gaɓa, ƙarƙashin saiwa.

Ina dawowa muka yi kiciɓis da Sueko. Ta ce, "Gurgu." Na ce, "Mayya." Ta ce, "Yawwa."

Talata, 26 ga Oktoba, da safe

Noboru ya bugo waya daga wata tasha. Tokiko ta gaya masa duka, ina jin ta ta bango. Sannan ya ce ta tambaye ni, gidan da ke amsa wa minki ta wane gefen dutse yake tsayawa, don in ya dawo ya sani.

Na ce ki gaya masa ta hagu. Kuma ya buɗe baki sosai, tun yana yaro ba a jin abin da yake faɗa.

Talata, da hantsi

Dabba ko ba dabba ba, wari yake har yanzu. Ban ce a rufe taga ba.